Ƙwaryar Ruwa a Ƙarƙashin Rana Biyu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai auna ta da igiya ba, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinta, ya bar wa bayinsa wahalar tono. Ku gyara zama, ku da kuka tambaye ni labarin nesa. Ni ne Jatau ɗan Barmo, mai tufkar igiyar guga, mutumin Tumbulai ta ƙasar Zangarma. Na yi yawo a zamanina, na ga garin da ake noma a kan rufin ɗaki, na ga kogin da ke hutawa ranar kasuwa. Amma in kuna son tafiyar da har yau nake jin zafinta a tafin ƙafata, to ita ce wadda muka yi ni da matata Tabawa, lokacin da muka ratsa Hamadar Toye a tsakiyar bazara, ɗauke da ƙwaryar ruwa a buɗe.

Bari in fara gaya muku halin ƙasarmu, kada ku ce tsufa ya fara ruɗa ni. A Zangarma, in bazara ta kai tsakiya, rana biyu ke fitowa, Babba da Ƙarama. Babba na faɗuwa Ƙarama na leƙowa, kwana arba'in babu duhu, sai dai mutum ya ja rawani ya rufe fuska ya ce ya kwana. Sannan rijiyoyinmu uwa gare su. In an haƙa sabuwa, ko zurfinta ya kai gaba ɗari, ba za ta tsatso ko ɗigo ba sai an zuba mata ruwan tsohuwar rijiya, kuma dole a cikin kwana goma sha biyu da gama tono. In aka wuce haka ta mutu ke nan, sai dai a cike ta da ƙasa.

'Yarmu ta fari, Yalwa, tana aure a Tungar Ƙirya, can ƙetaren hamada, tafiyar kwana bakwai. Sabon mazauni ne, gida tara, da ruwan tafki suke rayuwa. A wannan shekara tafkin ya ƙafe da wuri, suka yi ta maza suka haƙa rijiya. Wata rana sai ga ɗan aike daga mijinta Nomau, ya keto hamadar cikin kwana huɗu a kan jiminar sukuwa ba hutu, fuska duk ta saɓule don rana. Ya ce an gama tono yau kwana huɗu, ruwan da ke randunansu ba zai wuce mako biyu ba, in rijiyar ta mutu sai duk su tashi su bi hamada a ƙasa. Ya sunkuyar da kai ya ƙara da cewa Yalwa ta shiga watanta. Ba sai an gaya mini ba, mace mai cikin wata tara ba ta ƙetare Toye da ƙafa.

Tabawa na tankaɗe a lokacin, ko ɗagowa ba ta yi ba. Kun san kunyar 'yar fari, tun da aka haifi yarinyar ban taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Ta ce, "To, su suka sani. Wa ya aike su tono a bazara? Mutane ba sa shawara, sai abu ya ɓaci a aiko." Tana faɗa tana ɗaure kaya. Kafin in gama ba ɗan aiken ruwa, ta riga ta ƙulle dakakken gero da ƙuli-ƙuli, da zanen goyo biyu sababbi fil waɗanda ban ma san tana da su ba.

Muka je wurin Magajiyar Rijiya, tsohuwa Kandala, wadda ke tsaron uwar rijiyoyin Tumbulai. Ta jefa guga da hannunta, ta cika wata farar ƙwarya, ta miƙa wa Tabawa, domin mace ce ke kai irin wannan ruwa, kuma sai wadda ɗanta zai sha. Ta ce, "Ki ji da kyau, 'yar nan. Ƙwarya ɗaya ake ba kowace sabuwar rijiya, ba a ƙari. Kada ki rufe shi da mataccen abu, ko faifai, ko fata, ko zane. In ya ji an rufe shi kamar gawa, ya tashi daga ruwan uwa. Kada ki sirka shi da na salka. Ko cikin cokali ne ya isa can, ya wadatar, in dai ya isa da ransa."

Tabawa ta ce, "Inuwa fa, Iya?"

Ta ce, "Inuwa ba rufi ba ce, in dai iska na ratsawa."

Na ɗaura jiminai biyu a amalankenmu, ɗaya mai haƙuri, ɗaya mai cizo. Na tufka ragaya mai igiya takwas na rataye ƙwaryar a cikinta, yadda duk girgizar da amalanke zai yi, ita sai dai ta yi lilo ba ta zuba. Na ɗora salka biyu na ruwan shanmu da ƙaramin gora, muka kama Hanyar Gishiri, fara fat, miƙaƙƙiya, ba itace ba tsuntsu.

Ni mutum ne mai ƙarancin magana. Mahaifina ya koya mini tufka, bai koya mini zance ba. Ita kuwa Tabawa, Allah ya hore mata. Kwana biyun farko ta ba ni labarin duk wanda ya taɓa ɓata mata rai tun tana budurwa, da sunan uwarsa da unguwarsu. Ta yi wa jiminar mai cizo nasiha, ta yi wa Ƙarama faɗa don me ba za ta bari mutane su huta ba. Duk wannan tana riƙe da malafa a sama da ƙwaryar, in hannun dama ya sage ta mayar hagu, ita kuwa rana na dukan kanta. In na ce ta kawo in karɓe ta, sai ta ce, "Kai dai riƙe linzami, Malam. Kana iya ba ruwa inuwa, kai da ko hularka ba ka iya sa wa daidai?" Duk da haka kullum ruwan sai ya ragu da yatsa ɗaya.

A rana ta uku muka iso Ƙofar Ludayi, wani mashigi tsakanin baƙaƙen duwatsu biyu, ba wata hanya sai ita. Masu tsaronta wasu dogayen mutane ne, wuyan kowannensu ya kai taɓarya, don haka tun daga nesa suke leƙa kayan matafiyi. Al'adarsu, kowane mazubin ruwa da zai wuce sai sun ɗebi ludayi ɗaya. Sai dai suna da wata al'adar kuma: ba sa miƙa hannu ga kayan baƙo sai an gama gaisuwa, kuma baƙo ne ke rufe gaisuwa. Mai masaukin da ya katse ta, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Ina gaya wa Tabawa haka sai na ga idonta ya yi haske. Ta ajiye malafa, ta sauka, ta durƙusa gaban Sarkin Ƙofa.

Ta ce, "Sannu da aiki, ranka ya daɗe. Ina gajiya?"

Ya ce, "Ba gajiya."

"Ina iyali? Ina uwar yara? Yara nawa ne? Masha Allah. Babban yaya sunansa? Yana lafiya? Na biyun fa? Ranka ya daɗe, na ga kamar kana ɗingisa ƙafa, ƙaya ce ko sanyi? Ayya, sannu. Haka mijin ƙanwar babata ya yi fama, bari in gaya maka abin da aka shafa masa."

Ta gaishe shi da 'ya'yansa tara ɗaya bayan ɗaya. Ta gaishe shi da awakinsa. Ta tambayi kakarsa, ya ce ta rasu shekara ashirin, ta yi masa ta'aziyya sabuwa, har da share hawaye, ta tambayi irin ciwon da ya ɗauke ta. Tun yana amsawa a tsaye har ya zauna, tun wuyan nan na miƙe har ya lanƙwaso ya kwanta a kan gwiwarsa. Sauran masu tsaro suka sulale ɗaya ɗaya. Da ta ce, "To, yanzu sai dangin uwargida, mu fara da na wajen uwa," sai bawan Allah ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna hanya, bai ce uffan ba, don kada a ce ya katse. Muka wuce, ludayinsu bai taɓa ƙwaryarmu ba.

Tabawa ta hau amalanke tana taunar ƙuli-ƙuli, tana jiran yabo. Ni kuma na leƙa ragaya. Rabin yini ƙwaryar ta yi ba malafa, tsakanin duwatsu masu zafi kamar tanda. Ruwan ya ragu da yatsa uku. Ludayin mutanen, da sun ɗeba, bai fi yatsa ɗaya ba. Ni da ba na magana, ranar sai bakina ya buɗe a inda bai kamata ba, na faɗa mata.

Ta daina tauna. Ta ce, "Na gani. Ba sai ka faɗa ba." Ta ɗauki malafa ta juya mini baya. Can an jima, ba tare da ta waiwayo ba, ta ce, "Ba zan iya kallon ludayin wani yana shiga ruwan yarinyar nan ba, Malam. Zuciyata ba za ta ɗauka ba." Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina. Na kwance rawanina na yafa mata a ka, ta ture, na sake yafawa, ta bari.

A rana ta biyar Guguwa mai Ƙishi ta shinshino mu. Matafiya sun sha ba ni labarinta: ba ta cin mutum, ba ta cin dabba, ruwa kawai take bi, in ta wuce ta kan ayari sai a tarar da kowace salka ta bushe ƙayau. Na hango ta daga yamma, ja wur, kanta a sama, tana tafe tana sunsuna ƙasa. Jiminai suka zabura, na sake musu linzami, amma tazarar sai raguwa take yi. Tabawa ta rungume ragaya tana salati, tana kuma zagin guguwar a tsakani.

Nan sana'ar ubana ta yi rana. Na ɗauko igiya mai gaba sittin, na ɗaure salkunan nan biyu a bakinta, na soke su da basilla, na jefa su baya. Suka bi mu suna ja a ƙasa, suna zubar da ruwa a kan gishiri. Guguwa ta bar mu ta bi layin danshin tana lasa. Na karkatar da amalanke muka bar hanya, na ja ta kudu har muka yi nisa, sannan na sa wuƙa na datse igiyar. Ta tsaya kan salkunan tana juyi tana gurnani, mu kuma muka zagayo muka koma hanya. Mun tsira da ƙwarya, amma mun yi asarar wani rabin yinin, kuma ruwan shanmu ya koma ɗan goran nan kaɗai.

Tabawa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe kana da amfani." A shekara talatin da ɗaya na aurenmu, wannan yana cikin manyan yabon da na samu.

Gora ya ƙare a rana ta bakwai. Muka wayi rana ta takwas, wadda ita ce ta goma sha biyu ga rijiya, leɓɓanmu sun tsattsage, harshe ya zama kamar ɓawon rogo. Babba ta fito, kuma kafin ta faɗi dole ruwan ya shiga rijiya. Sai na ji wata 'yar ƙara, ƙas. Ƙwaryar ce ta tsage daga baki, tsagar tana gangarawa ƙasa a hankali. Abin da ya rage a gindinta bai fi kurɓi ɗaya ba. Ba mu da wani mazubi sai goran, shi kuwa bakinsa ƙarami ne, ciki duhu, ruwan zai ɗauka an rufe shi.

Tabawa ta ƙura wa ƙwaryar ido. Ta ce, "Malam, me Iya Kandala ta ce? Kada a rufe shi da me?"

Na ce, "Da mataccen abu."

Ta ce, "To ni da raina." Ta gyara ɗaurin zane. "Ka ji, in ka ga ina lumshe ido, ka yi mini magana, kada in gyangyaɗa in haɗiye. Kada ka ba ni dariya. Kada ka tsaya ko na faɗi. Kuma jiminar hagun nan ka daina ja mata linzami da ƙarfi, tun jiya nake gaya maka." Ta ɗaga ƙwaryar ta kurɓe ruwan, ta rufe baki, kumatunta suka ɗan taso.

Ku auna abin da kanku. Mace ta yini ta kwana ba ta sha ruwa ba, ga ruwa a kan harshenta mai ɗanɗanon rijiyar da ta sha tun tana jaririya, maƙogwaro na roƙonta, ita kuma ta ce a'a. Ina ganin wuyanta yana motsi da kansa, tana dafe shi da hannu.

Hamada ta yi tsit. Ban taɓa sanin haka shiru yake da nauyi ba sai ranar. Tafiya ta yi tafiya, na ga idonta na lumshewa, na tuna an ba ni aiki. To me zan ce? Na fara ba ta labarin igiyoyi: ta rama, ta kaba, mai tufka biyu, mai tufka uku. Kanta ya ƙara langaɓewa. Na ga wannan zance shi zai kashe mu. Sai na ce, "Tabawa, kin tuna ranar da igiyar gugarki ta tsinke kina budurwa, kika zo rumfarmu sayen wata? To ni na ɗan yanke ta da reza tun kina hira da ƙawayenki." Idonta ya buɗe tar, kafaɗunta suka fara rawa, hancinta na huci. Ta kai mini duka a cinya, ta nuna kumatunta, ta nuna ni da yatsa. Na ce, "Tuba nake, tuba nake!" Da ƙyar dariyar ta koma.

Muka iso wani jan dutse da ke tsaye shi kaɗai a gefen hanya, Babba ta karkata, tungar ba alamarta. Tabawa ta jingina da sandar ragaya, fuskarta ta yi fari, jini na tsatsowa daga leɓenta. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko gaban guguwa. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Tabawa, ina yawan ce wa mutane kin cika surutu. Ƙarya nake yi. In na dawo daga kasuwa, tun daga bakin lungu nake kasa kunne, in na jiyo muryarki sai in san gida na nan. Duk yawon da na yi a duniya, ba abin da ke dawo da ni sai ita. Yinin nan ɗaya da kika yi shiru ya fi mini hamadar nan tsawo. Ina son ki, tun ranar igiyar nan har yau, ban dai iya faɗa ba ne."

Ta juyo ta dube ni. Idonta ya kawo ruwa, ban san inda jikinta ya samo shi ba. Na ce, "Kada ki yi kuka, mai kuka haɗiya yake yi!" Ta runtse ido, ta kama bakin rigata ta riƙe gam. Haka muka ƙarasa, ina yi wa jiminai tsawa da muryar da ta dushe, ita tana riƙe da rigata.

Babba ta taɓa bakin ƙasa lokacin da muka shiga Tungar Ƙirya. Mutane na tsaye cirko-cirko a bakin rijiya, wasu har sun ɗaure kayansu. Suka leƙa ragaya suka ga tsagaggiyar ƙwarya ba komai, wata tsohuwa ta fasa kuka. Yalwa ta taso da ƙyar, hannu a ƙugu, tana cewa, "Inna! Inna, sannunku. Ba komai, Inna, kun yi iyakar yinku." Tabawa ba ta dube ta ba. Na sauko da ita, na tallabe ta har bakin rijiya. Ta durƙusa, ta dafa da hannu biyu, ta sunkuya, ta buɗe baki.

Ɗan ruwan ya tafi, ko ƙararsa ba mu ji ba. Nomau ya kwanta rub da ciki ya kasa kunne. Babba ta nutse, Ƙarama ta leƙo, ba wanda ya motsa. Ni dai ina ta lissafin ko ruwan ya ɗauki bakin mutum a matsayin rufi. Sai Nomau ya ɗaga hannu. Daga can ƙasa muka ji wani ɗan sauti kamar tukunya ta fara tafasa, sannan sanyi ya taso ya bugi fuskokinmu. Aka jefa guga, igiya ta yi nauyi.

Ba zan iya kwatanta muku guɗar da aka yi ba. Gugan farko Yalwa ta karɓa, ta zuba a kwano, ta durƙusa gaban uwarta. Tabawa ta sha a hankali, ta huta, ta ƙara sha. Ta ɗora tafin hannu a kan cikin yarinyar, ta ɗan jima, ta ɗauke tana kallon wani wajen. Jama'a suka matso suna jiran abin da za ta fara cewa, ko addu'a, ko labarin hanya.

Ta gyara murya, ta fito a shaƙe. Ta ce, "Malam."

Na ce, "Na'am."

"Maganar nan da ka yi a wajen jan dutse, ka yi ta ne don ka san ba ni da bakin amsawa. To ga baki ya dawo. Maimaita."

Na duba dama, ga surukina Nomau. Na duba hagu, ga 'yar cikina. Ga gida tara na Tungar Ƙirya, manya da yara, kowa ya zuba mini ido. Na ce, "Haba Tabawa, a gaban suruki?"

Ta ce, "Ni na yini da ruwa a baki ban haɗiye ba. Kai ma kada ka haɗiye."

Nomau ya sunkuyar da kai, ya shiga naɗe igiyar guga da ba ta bukatar naɗi. Na cire hula, na durƙusa daidai kunnenta, na maimaita mata tun daga farko, ban rage ko kalma ɗaya ba.